Shawarwari daga zaman marubuta matasa a Gombe

An tattauna ne kan labaran matasa da ake ƙagowa game da gobe, lokacin da mulki ya zama ƙangi. Gina duniyar labarin ne ya fi cin lokaci. Aka ce marubuci ya zaɓi abu ɗaya da ya lalace, ya bi diddiginsa. In ruwa ne, wa ke riƙe da madatsar Dadin Kowa? Nawa ake sayar da jarka a Pantami? Wa aka hana katin rabo, me ya sa dattawa suka yi gum? A layin famfo ya kamata mai karatu ya gane dokar garin, kar a cika shi da tarihi.

Tauraruwa 'yar shekara 16 kuma kar ta zama gwanar komai. A ba ta tsoro, da ƙanen da take riƙo.

Soyayya ce ta raba kawuna. Da yawa sun gaji da samari biyu masu takarar budurwa ɗaya, ni ma haka. Sun fi son soyayyar da doka ta sa wa farashi: in tauraruwar ta gai da saurayinta a bainar jama'a, gidansu ya rasa ruwan mako guda.