Kyamarar kawuna ta ƙi naɗe fim, a taimaka

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah wa ya san kan tsofaffin kyamarori masu fim? Pentax K1000 ce ta kawuna, ya bar min ita, na sa mata fim mai hoto 36 na ɗauki hotunan sunan ɗan yayata, toh da fim ya ƙare sai hannun nan na sama da ake murzawa a mayar da fim cikin gwangwaninsa ya cije, na ɗan matsa masa sai naji ƙarrr a ciki, na tsaya. Na zaga Adum da Kejetia duk masu gyaran waya ne, wani ma batir yace in canza. Hotunan nan nake ji wallahi.

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Ni dai abin da na sani kar ka buɗe bayanta a haske, hotuna za su ƙone. Jira Baaba ya shigo.

Baaba Mai Hoto: Yaro, wanda yace maka batir bai san ta ba. K1000 batir ɗinta na awon haske ne kawai, sauran duk ƙarfe ne da sifirin, shi yasa tun 1976 da ta fito har yau tana aiki. Juya ta ka duba gindinta, akwai ɗan botin. Ka danna shi kafin ka fara murzawa? Shi ke sakin haƙoran da ke jan fim, in bai shiga ba kai kana ja baya haƙora suna riƙe, ƙarar da kaji ramukan gefen fim ne suka yage. Wani lokaci kuma fim na ƙarewa hannun ja gaba ya tsaya a rabin hanya, botin ya ƙi zama ciki, toh danne shi da babban yatsa kar ka saki, ka murza a hankali ta inda kibiya ta nuna. In ka murza ta baya hannun kwancewa zai yi daga sandarsa.

In duk ta ƙi, bari dare yayi, kashe wuta, rufe taga, waya ma a fitar da ita, ka shiga ƙarƙashin bargo mai kauri ka ja hannun sama murfi ya buɗe, ka zaro gwangwanin ka naɗe fim ɗin da yatsa, gefe-gefe zaka riƙa kamawa. Zufa kam zaka sha. Da safe ka duba ciki da tocila, ɓarɓashin fim yana maƙalewa a haƙoran, ka cire da tsinken sakace. Labulen shota kuma, wanda ke buɗewa haske ya shiga kan fim, kar yatsa ya taɓa shi, kyalle ne.

Nima Boy: Massa fesa mata WD-40 kawai ka huta

Mai Agogo Asawase: A'a dan Allah! Kwaɗon ƙofa ce? Man nan malala yake, ya bi ya hau labule da gilashi, sai gyara ya zama ɓarna. Baaba ya faɗi daidai, amma ni ina zargin tsohon giris ma, kyamarar da ta shekara da shekaru a akwati ga damshin Kumasi ga ƙurar hunturu, giris ɗin daskarewa yake kamar ƙaro. Bayan ka ciro fim, sa ɗan icce tsakanin yatsu biyun ƙarfen da ke ciki, ka murza hannun naɗe fim ɗin ta hagu zai kwance, goge sandar da man laita a auduga, ɗigo ɗaya na man agogo ya isa. Amma ka kiyaye, muddin hannun na cire kar ka rufe murfin baya, sandar in ta zame ciki ba abin da zaka ja ka buɗe.

Ɗan Aboabo: Allah ya saka da alheri Baaba, botin ne, sai da na danne shi sannan ya naɗe, da ɗan kakkarewa dai amma ya shige duka. Na sami guntayen fim a haƙoran kamar yadda kuka ce. Malam mai agogo ni tsoron kwancewar nan nake, zan kawo maka ita bayan Juma'a. Saura wanki, a Kumasi akwai inda har yanzu ake wanke fim mai kala ko sai na aika Accra?