Neamen ko Pierret ko Sze, wanne ya fi dacewa da mai fara karatun semikondakta?

Ɗalibar Lantarki:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga mu bi ta nan. Ina aji uku a injiniyan lantarki, wannan zangon muka fara kwas ɗin semikondakta, wato sinadarai irin su silikon da ake ƙera daiyod da taransista da su, malamin ya rubuta mana littattafai uku a allo ya ce kowa ya ɗauki wanda ya ga dama, na Donald Neamen da na Robert Pierret da kuma na Sze wato Physics of Semiconductor Devices. Na Sze ne ya fara shigowa hannuna don wata yayata ta ba ni nata, kuma wallahi tun babin farko kaina ya ɗau zafi, lissafi ne kawai ke bin lissafi ba a ce maka ga inda wannan ya fito ba sai a sa wata 'yar lamba a gefe wai ka je ka duba takardar mai bincike. Na leƙa Neamen a laburare shi kuma na ga sai da ya zauna ya koyar da kwantam tukuna kafin ma ya taɓo daiyod, mu kuma jarabawa ba jiran mu za ta yi ba.

Sannan akwai abin da ya ƙara rikita ni. Yawan ilektoron a silikon zalla, wanda ake rubutawa da alamar ni (harafin n da ƙaramar i), a zafin 300 K wato zafin ɗaki, Neamen ya ce 1.5 × 10^10 a kowane santimita kiyub, Pierret ya ce 10^10, Sze kuma 9.65 × 10^9. To wa ya yi kuskure a cikin su? Kuma gaba ɗaya ta yaya mutum zai gane littafin da zai koyar da shi tun kafin ya ɓata rabin zango a kai?

Malam Fizis:

Wa alaikumus salam. 'Yata, ajiye wannan Sze ɗin tukuna, ba laifin ƙwaƙwalwarki ba ne, ba don ɗan aji uku aka rubuta shi ba. Tun 1969 ya fara fitowa, an sake shi a 1981, bugu na uku kuma tare da Kwok Ng suka yi, kuma marubucin ba ƙaramin mutum ba ne, shi da Dawon Kahng suka ƙirƙiro taransista mai ƙofa a rataye a 1967 a Bell Labs, wadda ma'adanar filash ta samo tushe daga gare ta. Amma littafin kamar ƙamus yake, ba wanda ke koyon yare ta hanyar karanta ƙamus daga farko har ƙarshe. Wanda ya riga ya san abin ne ke buɗewa ya duba ya rufe. Shi Sze ɗin ma ya san da haka, shi ya sa yake da wani daban don ɗalibai, Semiconductor Devices: Physics and Technology, in har sai Sze kike so to wannan za ki nema.

Yadda nake gwada littafi kuwa, ba na fara duba gabatarwa ko yawan shafi. Kai tsaye nake buɗe babin mahaɗar pn, wato inda ɓangaren p mai ƙarancin ilektoron ya haɗu da ɓangaren n mai yawansu a cikin daiyod, domin nan ne komai ke haɗuwa, in marubuci ya iya koyarwa nan za a gani, in kuma tara lissafi kawai ya iya nan ma asirinsa zai tonu. Ki duba ko ya zana miki ɓangaren p da ɓangaren n kowanne shi kaɗai da matakin Fermi ɗinsa, wato layin da ke nuna iya inda ilektoron suka cika matakan makamashi, sannan ya haɗa su ya nuna miki dalilin da ya sa dole matakin Fermi ya miƙe sambal idan ba a sa boltej ba, kuma dalilin miƙewar ne ya tilasta wa band ɗin, wato zangon makamashin da ilektoron ke iya zama a ciki, lanƙwasa. Ki duba ko ya jera miki zane huɗu ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, caji da filin lantarki da boltej da band, har ki gani da idonki cewa filin lantarki da boltej kowanne daga na samansa ya fito ta hanyar intigireshan, band kuma daga boltej ɗin ya fito kai tsaye. Sai ki rufe littafin, ki ɗauki farar takarda ki gwada zana su da kanki. Idan hannunki ya tafi to littafin ya koyar da ke. Idan kuwa abin da ya rage a kanki fomula ce kawai ta faɗin yankin diflishan, wato yankin da ke tsakiyar mahaɗar wanda masu ɗaukar caji suka ƙaurace masa, to hadda kawai ya sa ki yi, bai koyar da ke ba.

A wannan gwajin ni a ganina Pierret ya fi su. Malamin Purdue ne, littafin na 1996, kuma mutumin yana da haƙuri da ɗalibi sosai, zai yi ta sa ki zana band har ki gaji, kuma yana faɗa miki ƙarara duk lokacin da ya yi wani zato don sauƙaƙa lissafi, misali cewa an ɗauka yankin diflishan fayau yake babu mai ɗaukar caji ko ɗaya. Wannan faɗar zaton ita ce abu na biyu da nake dubawa a kowane littafi, don yawancin ɗaliban da ke faɗuwa ba lissafi ke kayar da su ba, amfani da fomula a inda zatonta ya riga ya karye ne ke kayar da su. Neamen kuma ƙarfinsa misalan da aka warware da lambobi, da ɗan atisaye nan take bayan misalin, ga tambayoyi jingim a ƙarshen babi. Don jarabawa yana da daɗi.

Maganar lambar ni ta silikon kuma, ba wanda ya yi kuskuren bugu. Tsohon awo ne ya ba da wajen 1.45 zuwa 1.5 × 10^10, aka daɗe ana amfani da shi. A 1991 Sproul da Green a Ostareliya suka sake awo suka samu 1.0 × 10^10, daga baya aka ƙara tace shi ya koma 9.65 × 10^9. Kowane littafi da wanda ya riƙe. Ki gwada da kanki ki ga tasirin: dofin, wato yawan baƙin atom da aka zuba a silikon, 10^16 a kowane ɓangare, kT/q kuma, wato boltej ɗin da ke tafiya da zafi, 0.0259 bolt, boltej ɗin cikin mahaɗar zai fito 0.695 da lambar Neamen, da ta Pierret kuma 0.716. Bambancin kaɗan ne saboda abin yana cikin logaridim. Ki tambayi malaminku wadda yake so a jarabawa, ki rubuta ta a saman takardar amsa, shikenan.

Ɗan Chip:

Malam Allah ya ƙara basira, amma a yi min afuwa, zancen cewa bambancin kaɗan ne a boltej ɗin kawai yake. Karant ɗin da ke yoyo idan an juya daiyod baya yana tafiya ne da ni sikwaya, ba ya cikin wani logaridim, kenan tsakanin 1.5 da 1.0 amsar za ta ninka sau 2.25, haka ma yawan 'yan tsirarun masu ɗaukar caji, a dofin 10^16 ɗin nan ɗaya zai ba ka 10^4 ɗaya kuma 2.25 × 10^4. Don haka 'yar uwa kar ki haɗa lambobin littafi biyu a tambaya ɗaya, ki ɗauki mobiliti, wato sauƙin motsin masu ɗaukar caji, daga teburin wannan ki ɗauki lambar ni daga wancan, amsarki ba za ta yi daidai da ta bayan ko wanne ba kuma ki zauna kina zargin kalkuletarki.

Ni kuma littafin da ba ya cikin jerin malaminku zan kawo, na Chenming Hu, Modern Semiconductor Devices for Integrated Circuits. Gajere ne, babi takwas, kuma mutumin yana cikin waɗanda suka samar da FinFET a Berkeley wajen 1999, irin taransistar da Intel ta sanar a 2011 cewa za ta yi amfani da ita a 22 nanomita. Abin da ya sa nake son shi shi ne ya san abin da masana'anta ke yi yanzu, ya ba MOSFET, wato taransistar da aka fi amfani da ita a chip, babban wuri, ya tura taransistar bayifola can babin ƙarshe, kuma ya saka babin yadda ake ƙera na'urar tun da wuri, oksideshan da litogirafi da dasa ayon. Wannan yana da amfani fa, don in ba ka san yadda ake shigar da boron ko fosforas cikin silikon ba, dofin zai zama maka wata lamba ce kawai da aka ba ka a tambaya. Silikon yana da atom 5 × 10^22 a santimita kiyub, ka ga dofin 10^16 na nufin baƙon atom ɗaya a cikin miliyan biyar, kuma wannan ɗan mitsitsin ne ke canza komai.

To ga nawa gwajin in ƙara a kan na Malam: ki buɗe babin MOSFET ki ga ko ya tsaya a doguwar tashar nan mai fomular sikwaya ya ce an gama, ko ya ci gaba ya yi bayanin abin da ke faruwa idan tashar ta gajarce, da yoyon da ake yi ƙasa da boltej ɗin kunnawa, da iyakar nan ta milibolt 60 kafin karant ya ninka goma a zafin ɗaki. Littafin da bai taɓo waɗannan ba taransistar da aka daina ƙerawa a chip na zamani yake koya miki.

Mai Nazari:

Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi, amma ni ban yarda a ba mai farawa Hu shi kaɗai ba, gajartar tasa ce matsalar, wani wurin layi biyu zai yi ya wuce abin da Pierret zai yi shafi yana warwarewa. Kuma Pierret ɗin ma yana da nasa, tsoho ne, ba za ki ga FinFET a ciki ba tunda ya riga shi fitowa, kuma kwantam ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, kusan cewa yake ki karɓa haka nan. In kwas ɗinku daga sashen fizis yake Neamen ya fi kusa da abin da za a tambaye ku. Ki karɓi jadawalin kwas ɗin ki ajiye kusa da teburin babi na kowane littafi ki ga wanda jerinsa ya fi bin na malamin, don wahala ce babba malami yana babi na bakwai kina neman abin a babi na sha biyu da wasu alamomi daban.

Ɗalibar Lantarki:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba jadawalin, jerin Neamen malamin ke bi, don haka shi zan riƙe, Pierret kuma in riƙa leƙawa don zanen band. Amma Malam saura tambaya ɗaya, wannan babi na biyu da na uku na Neamen, Schrödinger da Kronig-Penney, zan iya tsallakewa in dawo daga baya? Lissafin yana da tsawo kuma ban ga inda zai shiga daiyod ba.

Malam Fizis:

Ɗan Chip ya yi gaskiya a kan ni sikwaya, ki riƙe wannan.

Tsallakewa gaba ɗaya a'a, amma ba sai kin iya fitar da lissafin Kronig-Penney layi-layi ba sai dai in malaminku ya ce zai fito. Samfuri ne na 1931, an ɗauki kiristal an mai da shi layi ɗaya mai shingaye a jere, kuma abin da ake so ki fita da shi bai da yawa. Na farko, idan ilektoron yana tafiya a wurin da atom suka jeru a tsari, akwai makamashin da aka yarda ya samu akwai wanda aka hana, nan gibin makamashi da ke tsakanin band biyu ya fito, na silikon 1.12 eV, jamaniyum wajen 0.66, galiyum asenaid 1.42. Wannan gibin shi ne ke zaune a cikin eksponenshal ɗin ni, shi ya sa na jamaniyum ya haura 10^13 na galiyum asenaid kuma wajen miliyan biyu kacal, kuma shi ya sa a silikon ni ke ninkawa kusan duk ƙarin digiri 9 ko 10 a kusa da zafin ɗaki. Kin ga har ya shiga daiyod ɗin naki, don yoyonta na baya da zafi yake tashi.

Na biyu zanen E da k, wato zanen makamashin ilektoron a kan lambar kaɗawarsa. Lanƙwasar layin ce ke ba da nauyin da ilektoron ke nunawa a cikin kiristal, wanda daga baya za ki gan shi a mobiliti da yawan gurabe, kuma daga nan ne maganar rami mai caji fozitib ke samun hujja, ba wai dabarar malamai ba ce kawai. A zanen dai za ki ga a galiyum asenaid ƙasan band na sama da saman na ƙasa suna kan k ɗaya, a silikon kuwa sun kauce wa juna, don haka ilektoron ɗin silikon sai ya nemi taimakon girgizar kiristal kafin ya faɗo, da wuya ya fitar da haske. Dalilin kenan ba a yin LED da silikon, kuma shuɗin LED sai da aka iya sarrafa galiyum naitiraid mai gibin 3.4 eV, aikin da ya kai Akasaki da Amano da Nakamura ga kyautar Nobel a 2014.

Ki karanta bayanin da zane-zanen babin na uku a tsanake, tsakiyar lissafin ki bi shi sau ɗaya da fensir ki wuce. Amma sashen yawan gurabe da Fermi-Dirac, wato ƙa'idar yadda ilektoron ke cika guraben, da ke ƙarshen babin kar ki taɓa tsallake shi, ki yi atisayensa duka, don babi na huɗu kacokan a kansa aka gina shi.