Ɗaya haihuwar Amurka, ɗaya haihuwar Kano: wa za a tallafa wa?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka san kan karatu a Amurka su taimaka min da shawara. Yara biyu gare ni da za su gama sakandare bana. Hanifa a Minnesota na haife ta lokacin da maigida yake digirinsa na uku, muka dawo gida tana da shekara biyu. Abba kuma ɗan yayata ne mai rasuwa, haihuwar Kano, a hannuna ya tashi. Dukansu suna da ƙoƙari. Jiya na ga kuɗin wata jami'a a can, sama da dala 80,000 a shekara, sai da na ajiye wayar. Maigida malamin jami'a ne, albashinsa na shekara goma ba zai biya zango ɗaya ba. Wani mai shagon cike fom ya ce in kawo naira 400,000 zai samo musu tallafin gwamnatin Amurka su biyun. Gaskiya ne akwai wannan tallafin? Su wa ake ba?

Baban Sadik (Ohio): Wa alaikumus salam, Hajiya. Da farko dai ki riƙe kuɗinki. Fom ɗin sunansa FAFSA, a shafin studentaid.gov ake cikewa, kuma harafin F na farko a sunan ma'anarsa kyauta. Wanda ya ce zai samo wa su biyun, ko bai sani ba ko yana so ya cuce ki, domin tallafin gwamnatin tarayya na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin da 'yan gudun hijira da makamantansu. Hanifa 'yar ƙasa ce tunda can aka haife ta, zamanta a Kano bai soke komai ba. Abba kuwa ba ya ciki.

Abin da za a nema a wajenta shi ne lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa, ki duba cikin takardun haihuwarta. Ku iyaye ba dole sai kuna da lambar ba, za ku buɗe naku asusun a shafin ku saka bayanin samunku. Samun shekara biyu baya suke dubawa: mai shiga makaranta a 2026, samun 2024 za a rubuta, a juya nairar zuwa dala. Daga nan su fitar da wata lamba mai suna SAI, wadda ke nuna ƙarfin gida. Iya ƙanƙantarta, iya yawan tallafi. Albashin malami a Najeriya idan aka juya shi dala, lambar za ta yi ƙasa sosai, don haka da wuya ta rasa Pell Grant, wato kyautar da ba a biya. Mafi yawanta a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 dala 7,395 ne.

Anti Bilki: Yaya, ki sake kallon adadin nan da Baban Sadik ya faɗa kafin ki fara guɗa. Dala 7,395 a gaban 80,000 ai cokali ne a teku. Ni abin da ya ƙona ni a kan ɗana shi ne maganar zama ɗan jiha. Jami'o'in gwamnatin jiha farashi biyu gare su, na 'yan jihar da na baƙi, na baƙi kan ninka sau biyu ko fiye. Fasfo ba ya mayar da yaro ɗan jiha. Yawanci inda iyaye suke zaune ake dubawa, ku kuwa kuna Kano. Mu sai da takarda ta zo muka gane.

Babban kuɗin a aljihun makarantun yake, musamman masu zaman kansu da suka tara wakafi mai yawa. Farashin nan da ya tsorata ki kamar farashin farko ne a Kantin Kwari, kaɗan ne suke biyansa cif. Harvard ta sanar a 2025 cewa gidan da samunsa bai wuce dala 100,000 a shekara ba, yaro ba zai biya ko sisi ba, har ɗaki da abinci. MIT ma kusan haka. Sai dai shiga ne aiki, cikin masu nema ɗari ba sa ɗaukar biyar. Kada Hanifa ta tsaya a kansu kaɗai, ta haɗa da ƙananan kwalejoji masu alkawarin cike duk abin da gida ya gaza. Irin waɗannan sukan nemi fom na biyu, CSS Profile, shi kam ana biya, dala 25 makarantar farko, 16 kowace ƙari, kuma yana tono: gida, fili, gona, shago, duk sai an faɗa.

Malam Na'ibi: Ban san Amurka ba, amma na ji ana cewa rabin tallafin nan bashi ne mai ruwa. A duba wannan kafin a jefa yarinya cikin riba.

Baban Sadik (Ohio): Allah gafarta Malam, tambayarka tana kan hanya. Takardar da makaranta ke aikowa takan cakuɗa abu uku ƙarƙashin suna ɗaya: kyauta, aikin cikin makaranta da ɗalibi zai yi a biya shi, da kuma bashi. Sai mutum ya ga jimla mai daɗi, ashe wani sashe nasa ne zai biya. Ɗan shekarar farko da ke ƙarƙashin iyaye ana iya ba shi bashin tarayya har dala 5,500. A ciki, har 3,500 gwamnati ke ɗauke ruwan muddin yana karatu da wata shida bayan ya gama, daga nan ruwa ya hau kansa. Ragowar kuwa tun ranar da aka bayar ruwansa yake fara taruwa. Amma ba tilas. Ana karɓar kyautar da aikin a ce ba a son bashin, ba kuma za a janye kyautar ba. Hajiya, idan takardu suka zo, ki ɗauki biro ki soke duk layin da ke da kalmar bashi, abin da ya rage ki cire shi daga jimlar kuɗin shekara. Wannan ne farashinku na gaskiya.

Ummu Khalil: Kowa na ta Hanifa, an bar maraya. Hajiya, Abba ma yana da ƙofa, ƙunci ne da ita kawai. Yawancin makarantu idan baƙo ya ce yana buƙatar tallafi, hakan na rage masa damar samun gurbi. Kaɗan ne ba sa duba aljihu ko ga baƙi, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst da Dartmouth. Kuma ba za a ba shi takardar I-20 ta neman biza ba sai an nuna kuɗin shekarar farko, daga tallafi ko daga gida. Kada a dogara da cewa zai yi aiki ya biya, awa 20 a mako ne iyakarsa lokacin karatu. Ki kai shi EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka mai ba da shawara kan karatu a can, suna Abuja da Legas. Sannan don Allah ya rubuta JAMB. Idan ya samu BUK ko ABU akwai NELFUND, bashi marar ruwa ga ɗaliban makarantun gwamnati, har da naira 20,000 a wata na kashewa, biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri, na fasa kai kuɗin. Saura tambaya ɗaya. Ƙanen maigida yana Texas. In Hanifa ta sauka a gidansa, ba sai a rubuta shi a matsayin uba ba, ta zama 'yar jiha?

Anti Bilki: A'a Yaya, kada ku fara. Muddin ba ta kai shekara 24 ba, ba ta yi aure ba, kuma kotu ba ta damƙa riƙonta a hannun wani ba, bayanin iyayenta FAFSA ke nema, ko a gidan wa take kwana. Ƙarya a fom ɗin laifi ne na tarayya. Ga shi ma asara za ku yi, don samun kawun nata na dala zai ɗaga lambar SAI, naku na naira ne ke saukar da ita. Maganar zama 'yar jiha kuwa kowace jiha da dokarta, ku rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar ku tambaya. Yanzu dai ki nemo fasfonta. Na yara shekara biyar yake yi, nata ya daɗe da mutuwa, kuma samun ranar ganawa a ofishin jakadanci kan ɗauki lokaci. Fom ɗin yawanci 1 ga Oktoba ake buɗe shi, kuma kowace shekara sai an sake cikewa.

Maman Hanifa: To, bari in sauko da akwatin takardu daga kan wadrob.