Na kama wa wani igiyar jirgi, ya daka mini tsawa: ina kuskurena?

Ɗan Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. A watan jiya na kai wa yayana ziyara a Legas, inda yake aiki a wata matsayar ƙananan jiragen ruwa ta masu hali. Ina tsaye a kan dandamalin katako sai ga wani jirgi yana ƙoƙarin shiga gurbinsa, iska tana karkatar da shi, wani yaro da ke goshin jirgin ya wurgo mini igiya, ni kuwa na cafe na ja da iya ƙarfina. Goshin ya taho gare ni, bayan ya buɗe har ya kusa gogar jirgin da ke maƙwabtaka da shi, nan take matuƙin ya daka mini tsawa. Daga baya ya yi mini godiya, amma abin bai bar raina ba. Shin masu jirgi ba sa son baƙo ya sa musu hannu ne?

Tsohon sojan ruwa, Barnawa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Suna so ƙwarai, kuma abin kunya ne a wurinsu mutum ya ga ɗan'uwansa yana fama da iska ya naɗe hannu. Kuskurenka yana wurin jan, ba wurin cafewar ba. Jirgi ba shi da birki, kuma idan aka ja goshinsa gefe guda, bayansa ɗaya gefen yake nufa, don haka matuƙin da ya riga ya auna iska da gudun ruwa sai ya tarar ka rushe masa lissafi. Abin da ake yi shi ne ka karɓi igiyar, ka tambaye shi inda yake so a sa ta, ka zagaya ta a turken ƙarfe sau ɗaya ka riƙe, kana sassautawa ko tsukewa bisa umarninsa kawai.

Kada kuma ka taɓa sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da dandamali da nufin tare shi, domin abin da kake gani ƙarami yana iya kai nauyin tan da yawa. Aikin tayoyi da robobin da ake ratayawa a gefe ke nan. Idan ka tarar da igiyar wani a turken, sai ka zuro madaukin taka ta ƙarƙashin nasa kafin ka rataya, yadda kowa zai iya cire tasa ba tare da ya kwance ta ɗan'uwansa ba. Duk wannan al'ada ce. Abin da yarjejeniyar SOLAS ta 1974, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan kare rayuka a teku, ta wajabta wa matuƙi shi ne kai ɗauki ga waɗanda ke cikin haɗari a teku.

Mai fito, Kabala:
Baba ya gama magana. Mu da ke fito a Kogin Kaduna ba mu da dandamali ko turken ƙarfe, amma ladabin ɗaya ne. A watan Agusta da Satumba, lokacin da kogi ya cika ya yi ja, wanda ya riga isa gaɓa shi ne yake dafa wa na baya goshin kwale-kwale har fasinjoji su sauka ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a karɓar ko sisi a kan haka. Wanda ya fi ba mu wahala shi ne fasinja mai son taimako, wanda zai miƙe tsaye ya kamo ciyawar bakin ruwa tun ba a tsaya ba.

Malama daga Malali:
Ni kam ina ganin matuƙin ma yana da nasa laifin. Yaronsa ne ya wurga wa baƙo igiya ba tare da ya ce masa komai ba, alhali kalma biyu, "riƙe kawai", da sun wadatar.

Tsohon sojan ruwa, Barnawa:
Gaskiyarki, Malama, shi ya sa matuƙin kirki yake raba wa yaransa aiki tun kafin a doshi matsaya. Ita tsawar dai, ɗana, kada ka riƙe ta a zuci, domin ƙarar inji da iska ba sa barin a yi magana a hankali.