Masu aiki a ƙasashen sanyi: jita na cin kuɗi, kifi na cin lokaci, ya kuke yi?

Ɗan Kabi a Minnesota

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa. Aikin jinya nake yi, dutin dare, sa'a 12, daga bakwai na yamma zuwa bakwai na safe, kwana uku a mako, wani makon huɗu in an roƙe ni. Abu biyu ke ɗebe mini kewa a ƙasar nan: tara jitar bes, wato jita mai kaurin murya, da kamun kifi a kan ƙanƙarar tafki in ya daskare. Bes tun ina makaranta a gida nake sonta. Kifin kuwa wani Bature abokin aikina ne ya ja ni, na bi shi don kunya, na dawo da ciwon abin a jikina.

Ga inda gizo ke saƙar. Duk ranar da na karɓi ƙarin duti don in tara kuɗin jita, ranar zuwa tafki ce na sayar. Bara na yi ƙarin duti shida a Janairu saboda wata jitar bes samfurin Jazz Bass ƙirar Japan da na gani a hannun wani dattijo. Na saya, ta zama ta biyar a jikin bango. Kafin in farga an rufe kamun walleye, kifin da muke nema, don a jihar nan Lahadin ƙarshe ta Fabrairu ake rufewa. Da Maris ya kama kuma aka shiga janye bukkokin masu kamun kifi daga kan tafkuna, ƙanƙarar bakin gaɓa ta fara yin ruwa-ruwa. Jitar da na yi wa wannan wahala, wallahi ban kaɗa ta sau goma ba.

Ku da ke aiki kuna kuma da wani abin da rai ke so, ya kuke raba kwanakinku?

Direban tirela, Winnipeg

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ni ban san kan jita ba, amma tafki na san shi. Mu direbobi a Kanada doka ce ke raba mana lokaci: ba ka wuce sa'a 13 kana tuƙi a rana, in ka cika sa'a 70 a kwana bakwai kuma sai ka ajiye mota sa'a 36 kafin lissafi ya koma sabo. Cikin wannan 36 ɗin nake cusa barci, cefane, yara, da Tafkin Winnipeg. Tafiyar kamar sa'a guda ce daga gari. Walleye ɗin can bayansu kore ne shar, kuma a ƙarshen sanyi ƙanƙarar kan kai kusan mita guda, sai ka ƙara wa mahudin tsawo kafin ya taɓa ruwa.

Abu ɗaya zan roƙe ka, kada ka taɓa tashi daga dutin dare ka wuce tafki kai tsaye. Ni na yi, na ga abin da na gani. Na sauke kaya da asuba, na ce barci ai ba ya guduwa. Na kafa tanti, na huda rami biyu, na kunna hitar gas, na zuge ƙofa ruf saboda iska. Ɗumi ya ratsa ni, ina kallon bakin sandar fatsa, sai ido ya fara lumshewa. Abin da na iya tunawa, kaina na sarawa kamar ana daka a ciki, ga tashin zuciya, ƙafafuna kuma sun ƙi ɗaukata. Maƙwabcin tantina ne ya zo aron koto, ya yi magana ya ji shiru, ya buɗe. Iskar gubar da hita ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mai gajiya kuma zai ɗauka barci ne kawai. Tun daga ranar, 'yar tagar sama a buɗe take ko da sanyi zai tsinke kunne, kuma ina rataye da na'urar da ke ihu in iskar ta taru. Kuɗinta bai kai na tsirkiyar jitarka biyu ba, ina jin.

Yanzu tsarina: daren farko barci, safiya ta biyu tafki, La'asar a gida. Uwargida ta sa hannu a kan wannan, ni ma na sa.

Maman 'yan biyu, Calgary

Malam, bari in ba ka labari daga ɗaya ɓangaren, don ni matar mai tara jitoci ce. Bakwai gare shi. Ɗakin da muka ce na baƙi ne, yanzu baƙo in ya zo a falo yake kwana, su kuwa suna rataye kamar kayan lefe. Ni a kantin magani nake aiki, a tsaye nake wuni, na dawo a gajiye in tarar da shi ya dawo daga ofis ko takalmi bai cire ba, yana zuba wa na'urar ƙara laima ruwa. Wai in laimar ɗakin ta yi ƙasa da kashi 40 cikin ɗari, itacen wuyan jitar motsewa yake yi.

Da farko na ɗauka iyayi ne. Sai ranar da na shafa wuyan ɗaya ina share ƙura, bakin 'yan ƙarafunan nan da ke jere a jiki ya karce mini yatsa har da jini. Ashe itacen ne ya tsuke saboda bushewar hita, ƙarfe kuma ba ya tsukewa, sai ya leƙo waje. Kamar dai yadda hunturu ke tsaga ƙofar katako a gida. Daga nan na daina yi masa dariya a kan ruwan, amma ban daina a kan sauran ba.

Karatun kuwa na haddace shi ba da son raina ba. Leo Fender, mai ƙera jitocin, ya fitar da samfurin Precision a 1951, Jazz Bass a 1960, ya sayar da kamfanin ga CBS a 1965, kuma duk wadda aka ƙera kafin wannan cinikin kuɗinta ya kai na mota. Ko cikin barci aka tashe ni zan faɗa. Na ce masa Baban 'yan biyu, duk tsirkiya huɗu ce, duk gum-gum suke yi, mene ne na bakwai? Ya ce kowace da muryarta. To.

Dokar da ta zaunar da mu lafiya ita ce: sabuwa ba ta shigowa sai tsohuwa ta fita, kuma kuɗin da ake aika wa su Hajiya a gida duk wata ba a taɓa shi ko da jitar Leo ɗin ce da kansa aka kawo gwanjo. Shekara biyu ke nan suna nan a bakwai. Kai da kake da biyar, tun yanzu ka tsaya.

Injiniya a Tampere

Ni a Finlan nake, aikin kwamfuta. A nan abin ya zo da sauƙi ta wani gefen: kamun kifi ta ramin ƙanƙara, wanda suke kira pilkki, haƙƙin kowa ne, babu lasisi babu kuɗi. Tafkin Näsijärvi kuma a bakin gari yake, da ƙafa nake zuwa. Ƙarfe huɗu an tashi aiki, ba mai kiranka a waya bayan nan.

Wahalar ita ce haske. A Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe uku, kafin ka rufe kwamfuta an yi Magariba, har Azahar da La'asar ma sai ka yi da gaske kafin ka raba su da taron ofis. Saboda haka na daina yaƙi da Disamba da Janairu. Maris nake jira, lokacin rana ta yi tsawo ƙanƙara kuma ba ta saki ba. Sai in fara aiki bakwai, in tashi uku, in samu sa'a biyu a kan kujerata 'yar ninkewa.

Wani abin da ban zata ba, tafkin ne ya gyara mini zama da shugaban sashenmu. Shekara guda muna ofis ɗaya, gaisuwa kawai. Ranar da muka zauna kowa da raminsa, sa'a uku, maganar da muka yi ba ta wuce jimla biyar ba, ya miƙo mini kofi daga fulas, na ba shi dabino. Tun daga nan in ina da matsala a aiki kai tsaye nake shiga wurinsa. Mutanen nan shirun da kuka yi tare shi ne zumuncinsu.

Malamin makaranta, Argungu

Ikon Allah. Ni daga gida nake karanta ku ina riƙe baki. Mu nan da muka tashi muna ganin dubban mutane na faɗawa Matan Fada da homa da gora, ana fito da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru su ɗaga, yau ga ɗanmu ya je ya zauna a kan ruwa daskararre yana leƙen rami kamar mai jiran gafiya. Ɗan Kabi, tsakani da Allah, ba ta fashewa da mutum? Kuma kifin nawa kake samu?

Ni tattabaru nake kiwo. Kafin in tafi makaranta na watsa musu dawa, na dawo na ƙirga. Ba su taɓa hana ni aiki ba, sai dai muzurun maƙwabta.

Ɗan Kabi a Minnesota

Malam, Allah ya ƙara girma. Tana fashewa mana, shi ya sa ba a hawa da ka. Hukumar albarkatun ƙasa ta jihar ta ce ƙasa da inci 4 kada ka taka. Inci 4 na sabuwar ƙanƙara garai-garai ya ɗauki mai tafiya a ƙafa, 5 zuwa 7 babur ɗin ƙanƙara, a-kori-kura kuwa sai ta haura inci 12. In fara ce mai haɗe da dusa, ƙarfinta rabi ne, sai ka ninka lissafin. Kana tafiya kana hudawa kana aunawa, da wasu 'yan tsinkunan ƙarfe biyu rataye a wuya, waɗanda za ka caka ka jawo kanka in ta rufta da kai. Duk da haka a Disambar 2023 sai da aka ceto mutum fiye da ɗari a tafkin Upper Red, bayan falalen da suke kai ya ɓalle daga gaɓa. Sanyin shekarar bai yi ƙarfi ba, mutane kuma sun ƙagu.

Kifin kuwa, kar ka tona mini asiri a gaban jama'a. Wata rana uku, wata rana sai sanyi kawai nake kawowa gida. Kakana da ya yi su a gulbi in ya ga abin da nake kira kamu, korata zai yi.

Ɗan Zangon Kumasi, Bronx

Yaya, ka yi haƙuri zan faɗi wadda ba za ta yi daɗi ba. Tara jita daban, kaɗa jita daban. Ni ma na taɓa kai huɗu. A sito nake aiki, ɗaga kwali daga safe har yamma, Asabar kuma ina kaɗa bes a bukukuwan 'yan Gana. Na lura duk daren da na ce zan yi atisaye, a waya nake ƙarewa ina duba farashin wata. Hannu na ya yi nauyi, a wani biki mai ganga ya juyo ya harare ni sau biyu, kunya kamar in nutse.

Na sayar da uku, na bar Squier guda, mafi arha a cikinsu, don ita ce ba na jin tsoron ta ƙarje. Tana bayan mota kullum sai in sanyi ya yi tsanani. Hutun rabin sa'a da ake ba mu, minti goma na ci abinci, ashirin na zauna a kujerar baya da 'yar na'urar da ake jonawa a saurara ta kunne. Kafaɗa ma ta huta, don abin da ya kai kilo 4 a rataye sa'a uku bayan ka wuni ɗaga kaya ba wasa ba ne. A wata shida na fi shekara ukun da na yi ina tarawa.

Ban ce ka sayar duka ba. Amma ka ɗauko kowace ka tambayi kanka yaushe rabonka da ita.

Maman 'yan biyu, Calgary

Ɗan Zango, Allah ya yi maka albarka. Na tura wa wani bawan Allah wannan, yana ɗaki yana zuba ruwa.

Ɗan Kabi a Minnesota

Na gode ƙwarai, kowa ya taɓa inda ke ciwo. Ga abin da ya faru. Na ɗauko su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ƙanena na Bronx ya ce, na tarar biyu tsirkiyarsu har ta fara tsatsa. Na sa ɗaya a kasuwa, ɗayar zuciya ta ƙi, ita ce ta farko da na saya da albashina na farko a nan. Na kuma je wurin mai tsara mana duti na roƙa a jera mini kwana ukun a jere, na ce ƙarin duti a Janairu da Fabrairu a ba wani. Ta dube ni ta ce kifi ne ko? Na ce kifi ne.

Talatar nan na yi yadda Yaya direba ya ce, na yi barcina tukuna, Laraba da hantsi na fita. Ranar aiki ce, tafkin ba kowa sai tsofaffi biyu can nesa. Na auna inci 14. Na tafi da ruwan ɗumi a fulas na biyu saboda alwala, na shimfiɗa darduma a kan kwali a cikin tanti, tagar sama a buɗe. Ina zaman tahiya na ji ƙanƙara ta yi wata ƙara mai zurfi daga ƙarƙashina, guuum, irin wadda take yi in tana ƙara kauri. Na san ba komai ba ne, amma sallamar da na yi ta fi ta kullum sauri. Kifi biyu na samu, ɗaya ma ƙarami ne na mayar.

Direban tirela, Winnipeg

Madalla. Na'urar iskar fa, ka saya?

Ɗan Kabi a Minnesota

Tana cikin mota, Yaya, ban sa mata batir ba tukuna. Yau in na tashi zan sa.