Wasan Kirsimetin Mariah Carey: murya ake yi wa tafi ko suna?

Ɗan Gangare: Salamu alaikum mutanen gida. Tun jiya Anti Uwar Biyu ta cika mana waya da bidiyon wasan Kirsimetin Mariah Carey na Niyok, ga masu ihu, ga masu hawaye, kowa na cewa ba a taɓa yin irinsa ba. Na zauna na kalla tsaf. Ni dai ga tawa, mai jin haushi ya ji: yabon masoya ba shaida ba ne. Ba muryar da ke gabansu suke yi wa tafi ba, muryar 1994 ce da ta zauna musu a kai. Matar nan a 1969 aka haife ta, waƙa ɗaya tak ake jira a daren, wato All I Want for Christmas Is You, kuma ina zargin yawancin abin da ke fita a lasifika faifai ne. Wanda ya zuba daloli ya sayi tikiti ai ba zai dawo gida ya ce an cuce shi ba.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam ƙanina. Kai daga Jos ka kalla a waya mai tsagaggen gilashi, ni ina cikin Madison Square Garden ranar 9 ga Disamban 2023 da ƙafafuna, amma kai ne za ka ba ni labarin abin da kunnena ya ji?

Ɗan Gangare: Gilashin ne ya tsage Anti, ba kunnen ba.

Uwar Biyu: To saurara. Ban tashi daga Bronx cikin wannan sanyi don in ga abin al'ajabi ba, 'yata ce ta matsa. Kujerarmu can sama take, Mariah ɗin kamar 'yar tsana muke hangenta, sai a majigi ake ganin fuskarta. Amma akwai inda kiɗa ya lafa, piyano kaɗai ya rage, tana magana da mutane tana jan baiti a hankali. A nan ana jin numfashinta, ana jin inda muryar ta ɗan dushe kafin ta kama. Faifai ba ya dushewa. Kusa da ni wata tsohuwa baƙar fata ce da sandarta, tun da aka fara waƙoƙin haihuwar Yesu ta rufe ido ta ɗaga hannu ɗaya, ba ta ko taɓa wayarta ba. Da Ariana Grande da Jennifer Hudson suka fito suka yi waƙa tare da ita kuwa, sai da na toshe kunne saboda ihun yara. Wannan duk suna ne kawai?

Ɗan Gangare: Ai kin ba ni hujja da bakinki. Tsohuwa ta rufe ido tana tuna zamaninta. Yara sun yi wa baƙi ihu. Ina muryar mai wasan a ciki?

Mai Jita: Yaya Ɗan Gangare, Anti, ku ba ni wuri, wannan layina ne. Ku biyun kowa ya kama gefe ɗaya na gaskiya ya ƙi saki.

A manyan wasanni irin wannan ba a cewa ko dai baki ko dai faifai. Gauraya ake yi. Makaɗa na nan da ransu, amma mai ganga yana jin wani ɗan ƙyas-ƙyas a kunnensa da ke riƙe masa lokaci, domin fitilu da hotunan majigi da dusar ƙanƙarar bogi da ake zubowa duk a kan wannan lokacin aka ɗaura su. A ƙarƙashin kiɗan akwai muryoyin amshi da aka naɗa tun a situdiyo. Mawaƙiya na rerawa a kai, makirfonta a buɗe. Inda ta ji ƙarfi ta ja da kanta, inda ta gaji ta bar abin da aka naɗa ya ɗauke ta. Sau da yawa kuma ana sauke waƙa ƙasa kaɗan daga yadda aka yi ta a faifai, don kada a kashe maƙogwaro dare bayan dare. Wannan ba sirri ba ne a sana'ar, kusan duk manyan mawaƙan da ke zagaya filaye haka suke yi.

Wane baiti ne nata, wane ne na na'ura a daren da Anti ta je, mai haɗa sauti ne kawai zai iya rantsewa. Daga bidiyon waya dai ba a yanke wannan hukunci.

Ɗan Gangare: Madalla. Wato mamin ne mai digiri.

Mai Jita: A'a Yaya. Mamin shi ne abin da ake mana a gala da wasan Sallah: a sa waƙa a kwamfuta, mawaƙi ya riƙe makirfo a kashe yana motsa baki, in wuta ta ɗauke a ga ya yi tsuru-tsuru. Kuma mu ɗin nan muke biyan kuɗin ƙofa mu yi masa liƙi. Ban taɓa jin ka ce a dawo maka da kuɗinka ba.

Ɗan Gangare: Ni ba na zuwa gala. Ni ɗan zamanin Shata ne da Ɗan Maraya. Ɗan Maraya shi kaɗai da kuntiginsa zai tsaya gaban jama'a, ba amshi ba na'ura, kuma ka ji kowace kalma. Shata ya yi shekaru yana waƙa gaban kalangai, in ya ga mutum a fili nan take zai ƙera masa baiti. Wannan shi ne mawaƙi. Kuma tunda ana son hujja: daren shiga 2017 a Times Square fa? Duniya ta gani kai tsaye a talabijin. Kiɗa na tafiya, siririyar muryar nan tata mai kama da fito tana fita a lasifika, ita kuwa tana yawo a dandamali tana magana. Wa ya rera wannan?

Auta: Yaya na san nan za ka zo, tun ɗazu nake jira. Ranar na'urar kunnenta ce ta ƙi aiki, ba ta jin kiɗan. Mutanenta sun ɗora laifi kan masu shirya wasan, su kuma suka musanta. Abin da ba ka faɗa ba shi ne bayan shekara ɗaya cif ta koma wurin nan dai, cikin sanyin da ya fi na wancan daren, ta rera da bakinta. Me ya sa kullum rabin labarin ake bayarwa?

Ɗan Gangare: To na 2014 a Rockefeller, wajen kunna fitilun bishiyar Kirsimeti? Wanda aka fitar da muryarta zalla ba kiɗa?

Auta: Wannan kuma ai kanka ka kayar. An yi mata dariya ranar ne saboda da bakinta ta yi, muryar ta ƙi hawa. In ta rera ta kuskure ku ce ta ƙare, in ta jingina da na'ura ku ce mamin. Ita da kanta ta sha faɗa cewa tana da 'yan ƙulalai a maƙogwaro tun tana yarinya, wasu ranaku muryar na nan, wasu ranaku sai lallashi. Mu masoyanta mun san haka muke zuwa. Ba wanda ya rufe mana ido.

Malamin Lissafi: Ni ba ruwana da waƙar, amma maganar Ɗan Gangare ta farko tana da ƙamshin gaskiya ta wani gefen. Waƙar nan, All I Want for Christmas Is You, ta fito a 1994, ita da Walter Afanasieff suka rubuta. Ba ta hau lamba ɗaya a babban jadawalin waƙoƙi na Billboard na Amurka ba sai Disamban 2019, shekara 25 bayan fitarta. A Ingila sai 2020. Me ya canza? Ba muryar ba. Ƙa'idar lissafin ce ta canza: aka fara ƙirga sauraro ta intanet, aka kuma bar tsofaffin waƙoƙi su dawo jadawali. Duk shago, duk tasha, duk gidan abinci a can ita suke sakawa daga Nuwamba. Yaron da aka haifa a 2005 ya tashi yana jinta duk shekara kamar yadda yake ganin bishiyar. In ya je wasan ya yi kuka, yarintarsa yake yi wa.

Uwar Biyu: To Malam, in ma haka ne, laifi ne? Wa ya ba shi yarintar da waƙar a ciki? Ba ita ba?

Malamin Lissafi: Ba laifi ba ne Anti. Amma kada a kawo mana kukan a matsayin shaidar murya. A Disamban 2023 ma mawaƙiya Brenda Lee ta hau lamba ɗaya da waƙar Kirsimetin da ta naɗa a 1958 tana 'yar shekara 13. Lokacin da ta hau shekarunta 78. Ba wanda zai ce sabon ƙarfin murya ne ya kai ta.

Auta: Kuma Mariah ta aika mata furanni ta taya ta murna. A rubuta wannan ma.

Mama Zumunta: 'Ya'yana, na yi shiru ina karatu amma abin ya ishe ni. Kuna ta murya murya, ba wanda ya tambayi Kirsimetin wa ake yi. Jikata ta fassara mini waƙar nan da kuke faɗa a kai. Daga farko har ƙarshe mace ce ke cewa ba ta son kyauta, saurayinta take so. Ina Baitalami? Ina makiyaya? Ina jaririn da aka kwantar a komin dabbobi? Mu a majami'armu tun Nuwamba muke gwaji, mata da tulu da caki, muna buɗe Littafin Waƙoƙi da duk ganyensa ya yage. Ranar 25 in muka tashi da zanenmu iri ɗaya, ba wanda ya biya ko sisi a ƙofa, kuma wanda ya yi kuka ya san dalilin kukansa. Wannan na Amurka biki ne na kasuwa, a kira shi da sunansa.

Uwar Biyu: Mama ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Ba zan yi musu da ke a kan kasuwa ba, domin na ga kuɗin rigar da ake sayarwa a ƙofa, na ja hannun 'yata muka wuce. Amma Mama ba waƙar nan kaɗai ta yi ba. Faifan nata na 1994 kusan rabinsa waƙoƙin coci ne, irin waɗanda muke rerawa da Hausa a gida, na daren haihuwa da na murna ga duniya. A wasan ma da mawaƙan amshi irin na cocin baƙaƙen Amurka ta zo, suna tafi suna rausaya. Tagwayenta sun hau dandamali tare da ita. Ta ambaci sunan Yesu a gaban dubban mutane a garin da ma'aikata ke tsoron ce wa juna barka da Kirsimeti a ofis. Ni a wurina wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mama Zumunta: Ta ambata, na ji. Da wace waƙa ta rufe?

Uwar Biyu: Da ta saurayin, Mama.

Mama Zumunta: To.

Ɗan Gangare: Mama ta gama magana. Ni ba addinina ba ne, ba zan sa baki a wannan ba, amma shekara nawa ina cin shinkafar Kirsimeti a gidan Mama, ban taɓa ganin an nemi rajistar suna ba. Ita kuwa wannan har ofishin rajistar tambarin kasuwanci ta je tana neman a mallaka mata laƙabin Sarauniyar Kirsimeti, ta riƙa buga shi a kaya.

Auta: Kamfaninta ne ya nema, kuma ba a ba su ba. A Nuwamban 2022 aka ƙi, bayan wata mawaƙiya Elizabeth Chan, wadda waƙoƙin Kirsimeti kaɗai take yi, ta shigar da ƙorafi. Darlene Love ma ta yi magana, ita da ta yi kusan shekara talatin tana rera tata waƙar Kirsimetin a shirin talabijin na David Letterman. Wannan ni ma ban goyi baya ba, sarauta jama'a ke bayarwa. Amma Yaya ka lura ka bar maganar murya ka koma maganar hali.

Mai Jita: Bari in ƙara abu ɗaya, don na ga ana raina waƙar kamar sa'a ce kawai. Ku zauna gaban piyano ku gwada ta. Tana farawa a hankali kamar za a yi addu'a, sai ta ɓalle da gudu. Akwai wani canjin sauti a tsakiyar baiti da ke sa ka ji daɗi da kewa lokaci guda, irin na waƙoƙin Amurka na shekarun 1940 zuwa 1960. Shi ya sa wanda ya fara jinta yake zaton tsohuwar waƙa ce. Mawaƙa nawa suka fitar da sabbin waƙoƙin Kirsimeti tun 1994? Nawa kuke iya tunawa? A 2023 ma ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa ta cikin faya-fayan da ake adanawa don tarihi. In mutum ya tafa wa wadda ta rubuta wannan, ko ranar muryarta ba ta kai ba, bai yi wauta ba.

Ɗan Gangare: To a ce marubuciya ake yi wa tafi, mu wuce wurin. Abin da na ƙi shi ne a ce wai tana nan yadda take a da.

Uwar Biyu: Wa ya ce tana nan yadda take? Koma sama ka karanta. Cewa na yi muryar ta dushe kafin ta kama, kuma a nan ne ma na fi jin daɗinta. Kai ne ka shigo da cewa duk faifai ne.

Ɗan Gangare: Yawanci na ce, kuma zargi na ce.

Mai Jita: Anti, a cikin bidiyon da kika ɗauka akwai na wurin piyanon nan? Ki turo shi yadda yake, kada ki bari waya ta matse shi. Zan sa a na'urar situdiyo in saurara da abin kunne. In makirfonta a buɗe yake za a ji iskar bakinta da inda ta matsar da shi.

Uwar Biyu: Akwai, amma muryar 'yata ta fi ta Mariah fitowa a ciki, don a kunnena take ta ihu. Zan turo in na tashi daga aiki, yau dutin dare nake.

Ɗan Gangare: Ka saurara da kyau Mai Jita, kuma ka faɗi abin da ka ji ko da bai yi wa Anti daɗi ba.

Mama Zumunta: Kafin nan duk wanda ke Jos ya sani gwajinmu na ƙarshe ranar Asabar ne da ƙarfe huɗu. Mai Jita, igiyar lasifikar nan da ka ce za ka gyara tun watan jiya tana nan tana jiranka.