Neman kalma: me za mu kira sarkin da ake mulki da sunansa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Malamai, ku taimaka, gobe da hantsi zan shiga ɗaukar shirin tarihi a rediyo, kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Labarin Sarki Hui ne na daular Jin a ƙasar Sin, sunansa na yanka Sima Zhong. Ya hau gado a 290, ya rasu a farkon 307, amma ko kwana ɗaya bai riƙe mulki da hannunsa ba. Da farko Yang Jun ne ke juya ƙasa, sai matar sarkin, Jia Nanfeng, ta sa aka kashe shi a 291 ta karɓe ragama. Ita ma aka kashe ta a 300, daga nan 'ya'yan gidan sarauta suka yi ta fizgar sarkin tsakaninsu, rikicin da ake kira Yaƙin Yarimomi Takwas. Takardar da aka ba ni ta kira shi "figurehead". Na rubuta "wawan sarki" amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Hajiya, maza goge wannan. Wawan sarki ai ɗan wasan fada ne, mai ba sarki dariya. Duk wanda ya ji zai ɗauka bafade kike nufi. Ki sa "sarkin jeka-na-yi-ka".

Bazazzagiya: Ko "ɗan amshin Shata"?

Malamin Tarihi: Ɗan amshi ya san abin da yake amsawa, ya zaɓi ya bi ne. Wannan bawan Allah raunin hankali gare shi. Shi ne fa da aka gaya masa talakawa na mutuwa da yunwa don babu hatsi, ya ce to me ya hana su shan faten nama. Wata rana kuma ya ji kukan kwaɗi a lambun fada, ya tambaya ko na gwamnati ne ko na jama'a.

Ɗan Damagaram: Ni dai ga tawa, na daɗe ina amfani da ita a aji: "rawani-ba-kai". Gajeriya ce, tana da hoto, yaro ma ya ji ya gane. Rawani na nan, kan da zai ɗauke shi babu. Jeka-na-yi-ka ta tsufa a bakin 'yan siyasa, kowane zaɓe da kowace majalisa ita ake liƙa musu.

Bazazzagiya: Malam, sarakunan Sin ba sa naɗa rawani.

Ɗan Damagaram: Hausawa za su saurara, 'yar'uwa. Wanda ya yi sarauta a wurinmu "an naɗa shi" muke cewa ko da hula ya sa. Haka muka yi jirgin sama daga jirgin ruwa, ba wanda ya ce ina ruwan. Matsalar ita ce in kalma ba daga gidajen rediyon Kano ko Kaduna ta fito ba, sai a ƙi kallonta. Mu a nan "fantoche" muke fama da ita a Faransanci, mun sami mafita, ku karɓa mana.

Baban Sadiq: Kafin ku je nan, Hajiya, me kika sa wa muƙamin nasa kansa? Don Allah kar ki ce "sarkin sarakuna" kamar yadda na ji wasu masu labarai na yi. Ya zo a hadisi ingantacce cewa wannan suna shi ne mafi ƙasƙanci a wurin Allah idan mutum ya kira kansa da shi. Sannan "daula" da "Sin" duk Larabci ne. Har yaushe za mu yi ta aro alhali muna da "masarauta"?

Malamin Tarihi: Allah ya gafarta Malam, maganar farko na karɓa, "babban sarki" ya isa. Ta biyun kuwa a'a. Masarauta ta yi wa ƙasar da mahaifinsa ya haɗe a 280 kaɗan. Kuma da daula muke kiran ta Usmaniyya. In za mu kori aro, "tarihi" da "fassara" da "hankali" su za su fara fita.

Baban Sadiq: Ban ce a kora ba, na ce a rage. Yaranmu ba su san "gatanci" da "jagaba" ba, amma sun san kowace kalmar waje.

Ɗan Damagaram: To ga ta gida tsantsa na kawo, an ƙi.

Mai Fassara: Ku yi haƙuri, lokaci na tafiya. Malam na Damagaram, wallahi kalmarka ta burge ni, na maimaita ta a bakina sau da yawa. Abin da ya hana ni shi ne zambo ce, kuma akwai wurin da ba zan iya faɗarta ba. A 304 aka fita da sarkin nan yaƙi, aka ci rundunarsa a Dangyin, kowa ya watse ya bar shi. Bafade ɗaya, Ji Shao, ya tsaya ya kare shi da jikinsa har aka kashe shi a gabansa, jini ya fantsama a rigar sarki. Da ƙura ta lafa, bayi suka zo za su wanke rigar, sai ya ce kar a wanke, jinin Ji Shao ne. Da na kai nan a karatu sai da na ajiye takardar. Mutumin da ya faɗi haka ba zan ce ba shi da kai ba. Laifin yana wuyan mahaifin da ya san halin ɗansa ya bar masa ƙasa, da waɗanda suka yi ta jan sa daga Luoyang, babban birnin daular, zuwa Ye zuwa Chang'an, kowa na buga hatimi da sunansa. Shekara huɗu bayan rasuwarsa Luoyang ta faɗi, a 311. Ina son kalmar da za ta nuna an yi amfani da shi ne.

Malamin Tarihi: To kin dawo kan jeka-na-yi-ka ke nan. A cikinta akwai mai naɗawa, shi ne ke magana, wanda aka naɗa bai ce uffan ba.

Bazazzagiya: Amma Yaya, jeka-na-yi-ka na nufin sarautar ce ba ta da ƙarfi tun asali. Nan kuwa kujerar na da ƙarfi, shi ya sa ake kashe juna a kanta. Ni "sarki a suna" ya fi min.

Malamin Tarihi: Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Sai dai ba ta da nauyi a kunne.

Mai Fassara: Ga abin da zan yi. A buɗe shiri zan ce "sarkin jeka-na-yi-ka" don mai sauraro ya kama nan take, a ciki in yi ta cewa "sarki a suna", in bayyana raunin hankalinsa sau ɗaya ba tare da zagi ba. Baba, na cire sarkin sarakuna, amma daula tana nan.

Baban Sadiq: Rabi ya samu. Allah ya ba da sa'a.

Ɗan Damagaram: Na ji uzurin rigar, na yarda bai dace da wannan sarkin ba. Amma ban janye kalmata ba, ɗalibaina za su ci gaba da ita.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Saura Yang Jun da ire-irensa masu mulki a madadin sarki. "Mai riƙon ƙwarya" na sa, sai na ga ai riƙon ƙwarya kafin a naɗa wani ake yi, nan kuwa sarki na zaune a kan gado. Wanda bai kwanta ba ya taimaka kafin asuba.